Yadda Aka Raba Auwalu da Nafkin

Jiya ina zaune a ƙofar ɗaki na ji ɗayarku, ba zan kama suna ba amma ta san kanta, tana cewa wai raino ba sana'a ba ce, zama ne kawai. Ban tanka ba don akwai goro a bakina. Yau na tofar, sai ku gyara zama. Tunda kun ce za ku buɗe ɗakin raino a bayan kasuwa, har kun sayo tabarmi da 'yar tsana, gara ku ji daga bakin wadda hannunta ya tsufa a cikin kashin 'ya'yan mutane. Ke mai toshe hanci, tun yanzu? To, da sauranki.

Ni a Sundimina na koya, a hannun Gwaggo Abu, yayar babanmu. Gidanmu gidan yawa ne, idan mata suka shiga sussuka da surfe, a gabanta ake zube yaran gida kaf. Abin da ta fara koya min shi ne ɗora jariri a ƙafa. Ki zauna, ki miƙe ƙafafu, ki ɗan buɗa su, ki ajiye kasko da yashi a ƙasa, sai ki zaunar da shi a kan idon sawunki yana fuskantarki, kina yi masa sss da baki. Na ce wannan ai wasa ne. Ranar farko sai da na canza zane sau ba adadi, don kullum sai na sauke yaro na saɓa shi a kafaɗa sannan ya sakar min. Gwaggo tana kallo tana kaɗi, sai da yamma ta kira ni.

Ta ce, "Ke gindi kike kallo. Fuska ake kallo. Kafin gindi ya yi magana, fuska ta riga ta faɗa."

Haka ne kuwa. Yaro yana cikin wasa sai ya yi tsit, ido ya tsaya wuri guda, ya ɗan cije leɓe. Wani ya kama kunne, wani ya nufi bayan ƙofa. Kowane da nasa, kuma sai kin zauna da shi za ki sani. Allah ya ji ƙan Gwaggo, abin da ta ba ni shi na ci har tsufana.

Aure ne ya kawo ni Birnin Kudu, kuma ban ɗauki raino a matsayin abin yi ba sai da aka ba mu jiha. A shekarun nan na farko gari ya cika da ma'aikata, waɗanda aka dawo da su daga Kano da waɗanda aka ɗauka sababbi. Malaman makaranta mata, malaman asibiti, masu buga tafireta a ofis, kowacce da goyo, kuma ta baro uwarta da ƙannenta a wani gari. Wata ta ce in riƙe mata na safiya ɗaya, ta gaya wa wata, kafin in ankara tsakar gidana ya cika da kuka. Kayan aikina ba su da yawa. Daro biyu, ɗaya na wanka ɗaya na wanki, kuma ba sa haɗuwa ko da wasa. Bokiti mai murfi na jiƙa nafkin, sabulun salo, man kaɗanya saboda zafin gindi, toka a kasko, yashi, tsintsiya da igiyar shanya mai tsawo. Fil ɗin nafkin kuwa a bakin zanena nake jera su. Ku da kuka zo zamanin famfas, ku naɗe ku jefar, ba ku san abin da ake nufi da a wanke, a tafasa, a shanya, hadari ya taso a kwashe da gudu ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda ruwa ya ƙi ɗaukewa. Sai a wuni a kwana ana tsuga shi, rana ba ta leƙo ba. Nafkin ya ƙi bushewa, ɗakina ya koma rumfar shanya, ina gasa su a kan garwashi ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja da hayaƙi. Gindin yara ya saɓule, katangar bayan gidana ta zube, wasu iyaye suka janye 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba. A cikin wannan damina aka kawo min Auwalu.

Uwarsa Malama Saude ce, tana koyarwa a firamare. Mijinta mutumin Fagam ne ta ƙasar Gwaram, ya yi 'yar jinya ya rasu yaron yana kan nono. Da lokacin yaye ya yi aka kai shi Fagam wajen kakarsa, Iya Kande, uwar mamacin, ya yi watanni a can. A ƙauye ai babu wata matsala, yaro yana yawo da 'yar riga, inda ta kama shi ya tsuguna, a zuba ƙasa a share. Da aka dawo mata da shi sai ga gidan haya, tsakar gida da siminti, ɗakuna a jere, masai ɗaya na kowa da kowa. Ya tsuguna a ƙofar wannan, ya tsuguna a ƙofar wancan, aka fara 'yan maganganu. Malama ta rasa yadda za ta yi, ta mayar masa da nafkin da wandon roba. Ta sayo fo, robar kashin yara, ya ƙi zama a kai. Haka ya kai shekara uku, ƙato da shi, baki ya buɗe, yana tafiya da ƙunshi a gindi.

Wata safiya ta sauke shi, maimakon ta wuce sai ta tsaya tana ninke nafkin ɗin da yake a ninke.

Ta ce, "Inna, an aiko daga Fagam."

Na ce, "Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Wani ƙanin babansa ne ya zo ya gan shi a haka, ya je ya faɗa. Wai aikin gwamnati ya hana ni tarbiyya. Iya ta ce idan an gama girbi za ta zo ta tafi da yaron nan gaba ɗaya."

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce, Inna? Ai ɗansu ne."

Ku na yanzu ba za ku gane ba, ku da kuke rungume ɗan fari a gaban surukai kuna kiran sunansa gatsal. A lokacin uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, ko ya faɗi a gabanta sai dai wani ya ɗaga. Idan kaka ta ce a ba ta, a ce to. Malama Saude da iliminta da komai, ba ta da bakin da za ta ce a bar mata ɗanta, kuma shi kaɗai gare ta. Ta ba ni tausayi ƙwarai. Na ce mata ba a fafe gora ranar tafiya, amma tafiyar da saura, gero ko kai bai fitar ba. Gobe ta haɗo min shi da fon. Idan Iya ta zo ta tarar babu nafkin, ta rasa hujja, sauran kuma na Allah ne.

Na ɗauka aikin 'yan kwanaki ne, don na raba yara da yawa da nafkin kafin shi. Ina. Fon shuɗi ne na roba, sabo fil. Na ajiye, na ce, "Auwalu, zo ka zauna." Ya kalle ni kamar na ce ya shiga wuta. Na ɗaga shi zan ɗora, ya sandare, ya miƙe ƙafafu kamar tabarya, ya tsala ihun da sai da maƙwabta suka leƙo. Na yi lallashi, na yi waƙa, na nuna masa alewa. Na zaunar da wata 'yar ƙarama a nata fon a gabansa don ya gani, sai ya rufe ido da hannu ya juya baya. A gida kuma uwarsa ta gaji ta ɗan tsula masa, abin ya ƙara lalacewa. Ya daina yi gaba ɗaya, ko a nafkin. Ya riƙe, ciki ya yi tauri kamar ganga, ya daina cin abinci, yana tafe yana matse ƙafa. Nan na tsorata. Na ce da Malama duka ya ƙare daga yau, fon ma a ɗauke shi daga idonsa. Na dinga ba shi kunun tsamiya da gwanda da ruwan ɗumi, ina shafa masa ciki, har Allah ya sa ya saki a bayan randa yana kuka. Na ce masa sannu, na wanke shi.

Ku riƙe wannan. Yaro ba ya ƙin abu a banza. Ko tsoro, ko ciwo, ko wani ya gaya masa wata magana da ke ba ki ji ba. Na duba ciwo, babu. Na zaci ko an tsorata shi da dodon masai, yadda ake yi wa yara don kada su leƙa rami, na tambaya, babu wanda ya yi. Gero ya fitar da kai, ya fara nuna, ni kuwa ban gano komai ba.

Ranar da na gano, ɗanwake na yi. Yara sun jeru kowa da kwanonsa, ina zubawa. Na Auwalu ya shige wani wuri ana nema. Sai ga shi ya fito daga ɗakina, ya je ya zaƙulo fon daga ƙarƙashin gado inda na ɓoye, ya riƙo shi da hannu biyu, ya durƙusa a gabana ya miƙo.

Ya ce, "Inna, zuba min a nan."

Dariya ta taso min na haɗiye. Na ce, "Auwalu, wannan mene ne?"

Ya ce, "Kwano."

"Kwanon wa?"

"Nawa. Umma ta sayo min."

Da yamma da Malama ta zo ɗaukarsa, na ce ni zan raka su gida. Na shiga ɗakin Malama, ɗaki tsaf, kwanuka a jere a kan kanta kamar na amarya. Na ce, "Malama, da kika sayo fon nan, a ina kike ajiye shi?" Ta nuna min saman kwanukan. Ta ce ai sabo ne, ba a taɓa yin komai a ciki ba, kuma idan ta bar shi a waje yaran gidan za su ɗauke, shi ya sa take kife shi a can. Kuma robar da yake cin abinci a ciki ita ma shuɗiya ce, a rumfa ɗaya ta saye su. Na zaunar da yaron a cinyata na ce, "To in kwano ne, me ya sa ba za ka zauna a kai ba?"

Ya zaro ido. "Ba a zama a kwano. Iya ta ce maruru zai fito min a gindi."

Malama ta dafe kai. Wato duk wannan tirjiya da ihu da riƙe ciki, yaro ladabi yake yi. A Fagam an hana shi zama a kan akushi da turmi da ƙwarya, ya riƙe, mu kuma manya mun taru muna cewa ya yi kashi a kwanon abincinsa. In ke ce za ki yarda?

Ban tsaya gardama da shi a kan kwano ne ko ba kwano ba ne, don ba a cin ɗan shekara uku da musu. Na bar masa abinsa yana tara duwatsu a ciki. Washegari na je can ƙarshen gida, nesa da madafa, na haƙa ɗan rami, na ajiye bulo biyu daidai ƙafarsa, na kewaye da guntun zana. Na sayo 'yar buta ƙarama a kasuwa, na ajiye kaskon toka a gefe. Na cire masa nafkin gaba ɗaya, riga kawai. Da safe bayan ya sha koko na ɗauki butata na ce, "Ni zan zaga. Ga taka, ga naka wurin, babu mai shiga sai kai." Ya bi ni da butar tana zuba. Ranar farko leƙawa kawai ya yi. Bayan nan ya shiga ya yi wasa da tokar ya fito fari fat. Ban matsa ba, fuskarsa kawai nake kallo, da na ga ido ya tsaya sai in miƙa masa buta ba tare da magana ba. Wata hantsi ina tankaɗe na ji murya daga bayan zana, "Inna, na gama." Wallahi ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. A gidana yana yi, a gidansu ya riƙe, Asabar da Lahadi sai ya jira Litinin. Gidan haya kuwa babu fili. Allah ya saka wa Maman Ladi da alheri, maƙwabciyarsu ce, wata malamar asibiti 'yar kudancin Kaduna. Ita ke da ɗan lungu a bayan ɗakinta da ta shuka yakuwa, ta tuge da hannunta ta ce a kafa masa zanarsa a nan. Kafin a gama yankan gero Auwalu ya rabu da nafkin, sai dai ɗan kuskure nan da can idan wasa ya ɗauke masa hankali.

Iya Kande ba ta aiko da rana ba. Wata la'asar sai ga Malama ta yi sallama, tsohuwa a bayanta, 'yar siririya, da ƙullin dafaffiyar gyaɗa a ka da zanen goyo sabo a ninke a hammata. Da na ga zanen nan na san da shirinta ta zo. Na shimfiɗa tabarma, muka gaisa, Malama ta zauna can gefe ta sunkuyar da kai.

Iya ta ce, "Ina maigidan nawa? An ce min ya zama ɗan birni, har ɗaura masa tsumma ake yi. Ni dai ba na auren mai tsumma."

Auwalu ya laɓe a bayana, ya leƙo, sai ya gane ta ya faɗa jikinta. Ta shafa gindinsa ta ji wando ne kawai. Ya zauna yana ɓare gyaɗa yana zuba mata surutu. Can na ga idon ya tsaya. Na so in miƙa buta, na fasa, na ce bari ta ga ya yi da kansa. Ya kuwa tashi ya ɗauki butarsa, na ji sanyi a raina. Ya yi rabin hanya sai ya dawo ya kama zanenta.

"Iya, zo ki ga wurina."

Tsohuwa kafin ta lallaɓa ta miƙe, ta nemo takalmi, lokaci ya ƙure. A tsakiyar tsakar gida, a gabanta, fitsari ya biyo ƙafarsa har ƙasa. Ni na ce shi ke nan, aikin damina guda ya tafi. Malama ko ɗagowa ba ta yi ba.

Yaron ya kalli ƙasa. Sai ya ajiye buta, ya ruga ya kinkimo kaskon toka, ya zuba a wurin, ya ce, "Iya, matsa, kar ki taka."

Iya ta matsa. Ta je ta leƙa bayan zanar, ta daɗe tana kallo, ta dawo ta zauna. Ta ce, "An ce min akwai wata roba da 'yan birni suke zaunar da yara. Ina take?" Na ba ta labari tun daga farko, ban rage komai ba, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Ta ce a kawo. Ta juye duwatsun, ta ajiye a gabansa.

"Maigida, zauna mu gani."

Ya ja da baya. "Ke kika ce ba a zama a kwano."

Ta fara dariya, ta yi ta yi har ta koma share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Ashe bai manta ba. Ni da aka ce min an wanke masa duk abin gidanmu." Ta jawo shi ta cire masa jiƙaƙƙen wandon da kanta, ta karɓi butar ta ɗauraye masa ƙafa. Sannan ta juya wajen Malama.

"Ke kuma da kika sunkuyar da kai kamar ba ruwanki, tun da na yi sallama a gidanku na gane halin da kike ciki. Ni ma na yi ɗan fari. Ana yaye shi aka ɗauke, na ce to, don haka ake cewa. A gidan wasu ya yi wayo, a gidan wasu ya girma. Shi ne mijinki. Har aka fita da gawarsa ban taɓa kiran sunansa ba." Ta ɗauki zanen goyon ta ajiye a cinyar Malama. "Ki dinga shimfiɗa masa, ba a daina jiƙa tabarma rana ɗaya. Duk sallah a kawo min shi in gani. Riƙe abinki."

Na yi shekaru a sana'ar nan, yara da yawa sun wuce ta hannuna, wasu yanzu da furfura suke zuwa gaishe ni, kuma na gode wa Allah da ya sa abincina a nan. Amma ban taɓa gode masa kamar wannan la'asar ba. Malama Saude ba ta ce an gode ba, don ba a cewa. Ta tashi ta ɗauki ɗan wandon daga ƙasa. Na ce ta bari, aikina ne, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta je bakin rijiya ta juya mana baya, ta tsuguna tana wanke shi. Wandon bai fi tafin hannu ba, amma har aka kira magariba ba ta gama ba, mu kuma babu wadda ta ce ta taso.